Awon da Aka Yi wa Bukar a Madadina

Da sunan Allah, wanda ya jarrabe ni kuma ya bar ni da rai. Da hannun hagu nake wannan rubutu. Wata tara da suka wuce ban san hagu tana iya riƙe alƙalami ba, don haka wanda zai karanta ya yi haƙuri da ni.

Sunana Mutari. A Gure an fi sanina da Alhaji Mutari mai raguna. Shekaruna hamsin da uku, matata ɗaya, Hajiya Hadiza, ƴaƴanmu shida. Ban gaji ko akuya ba. Da jan dabbobin mutane daga kasuwa zuwa tasha na fara, har na kai ina loda manyan motoci, kamiyo biyu ko uku a mako in Layya ta gabato. Daga kasuwannin Bune, Kelle da Gamu nake saye, in tura kudu.

Sai na fara bayyana yadda nake ciniki, don a nan ɓarnar ta fito. Ni ba na tsayawa a kan dabbar da nake so. Makiyayi in ya ga Alhaji Mutari ya kama ƙahon ragonsa, nan take kuɗi ya tashi. Saboda haka ina zama nesa a rumfar mai shayi, in aika dillalina, Ba Bukar. Bamange ne, dogo, siriri, ya girme ni da shekara biyu, kuma riga ɗaya ƙoɗaɗɗiya yake sawa ranar kasuwa. Shi zai buɗe bakin rago ya duba haƙori, ya taɓa gadon baya, ya yi kamar wa kansa yake nema, ya dawo ya raɗa mini. Shekara ashirin muna haka, kuma da haka na gina gida. Na saba da cewa abin da kake so ƙwarai, ba kai kake zuwa da kanka ba.

Mako guda bayan ƙaramar Sallah abin ya fara. Zan faɗe shi yadda yake, tunda kunyar faɗarsa ce ta kai ni inda nake. Na kusanci iyalina, gabana ya ƙi tashi. Ba a hankali ya zo ba. Jiya lafiya, yau babu. Na ce gajiya ce, na kwana biyu a hanya. Bayan kwana uku haka, bayan kwana biyar haka. Har motsin da namiji kan farka da shi da asuba ya ɗauke. Hajiya ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Na fara daɗewa a waje, ina ƙirƙiro aikin da babu.

Akwai wasu abubuwa da suka riga wannan zuwa, waɗanda ban haɗa su da shi ba. Ƙishirwa ta dame ni tun cikin azumi, na ce ai azumi ne a cikin zafi. Fitsari ba ya ƙarewa, har direba yana yi mini tsiya wai na fi tsohuwar motarsa yawan tsayawa. Ƙeyata tana sarawa in rana ta take. Tafin ƙafata wani lokaci kamar na taka auduga. Da a jikin rago na ga rabin waɗannan alamu, da ban saye shi ba.

A mako na biyu na sayi jiƙo wurin wani mai saiwoyi da ke zuwa ranar kasuwa. Ban tambaye shi da bakina ba, na ce wa direba zan ba. Ya ce sanyi ne da basir, a sha safe da yamma. Na sha kwalba biyu. Gudawa kawai na samu.

A mako na uku na kira Bukar bayan rumfa, inda ake ɗaure jakuna, na gaya masa. Shi ne mutum na farko da ya ji. Bai yi dariya ba, kuma har gobe ina gode masa da wannan.

Ya ce, "Alhaji, wannan na asibiti ne. Ka je ka ga majo."

Majo shi ne babban ma'aikacin jinya da ke fara duba mutane a asibitin garinmu. Na san shi, ya san ni, ragon Layyarsa ma a wurina yake saye.

Na ce, "In zauna a kan benci, Ba Bukar? Rabin matan unguwarmu suna layin nan da ƴaƴansu. Kafin azahar labari ya isa Kelle."

"To me za a yi?"

"Kai za ka je."

Ya dube ni. "In ce masa me?"

"Ka ce kai ne. Yadda na gaya maka haka za ka gaya masa. Ka karɓo maganin ka kawo."

"Alhaji, rago nake duba maka. Wannan ba rago ba ne."

"Duk ciniki ne. Kai wa ya damu da kai?"

Haka na faɗa, kuma na rubuta shi a nan don kada in yi wa kaina ado. Ya karkaɗe rigarsa, ya ce to.

Washegari ya tafi tun da safe, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya same ni a garke ina duba sababbin raguna. Ya miƙo mini ɗan littafin asibiti, karne, mai sunansa a bango.

Ya ce, "Albishirinka. Lafiyarka lau."

"Yaya aka yi?"

"Na gaya masa. Ya ɗaura mini abin nan a dantse ya hura, ya ce tansiyo sha biyu, babu hawan jini, kamar na saurayi. Ya tura ni aka soki yatsa, suka ce babu sukari. Ya tambaye ni ko ina yawan fitsari."

"Ka ce me?"

"Na ce a'a. Ai ba ka gaya mini ba. Ya ce da asuba fa, yana motsi? Na ce yana yi."

"Ba Bukar, ai ba ya yi."

"To ni nawa yana yi, Alhaji. Tambayar ta zo mini ba shiri."

Muka yi dariya mu biyu, a tsakiyar raguna. Wannan dariyar tana dawo mini har yanzu. Ya ce majo ya ce in abin ya zo farat ɗaya, awo kuma ya fito lafiya, sau da yawa tunani ne da gajiya. A rage shayi, a samu barci, a yi magana da iyali, in mako biyu ya wuce babu canji a koma. Ya rubuta masa ƙwayoyin ƙarin kuzari.

Majo bai yi kuskure ba. Abin da aka kawo masa ya auna. Ni kuwa, mutumin da ba ya sayen tunkiya sai an duba mata haƙori, na karɓi awon jikin wani na sa a aljihu, na ji sanyi a raina. A kaina na san jinin Bukar ba nawa ba ne. Amma kalmar nan "lafiyarka lau" ita nake son ji, kuma na ji ta. Ban koma ba.

A mako na huɗu yayana, Yaya Lawali, ya lura na rame. Na ce masa sanyi ne ya kama ni. Ya gane abin da nake nufi, ya sa aka fitar da yara daga zaure.

Ya ce, "Mutari, namiji ba ya kwanta lafiya ya tashi babu. Ɗaure ka aka yi. Wa ka ƙwace wa ciniki a bana?"

Na ambaci wani abokin sana'a da muka yi ja-in-ja a kan garken shanu a Gamu. Ya ce magana ta ƙare. Ya kai ni wurin wani malami a bayan gari, aka yi mini rubutu na kwana bakwai, aka ce in yi sadaka da baƙin rago. Na yi. Ban raina addu'a ba, kuma ba na raina ta yau. Abin da nake kuka da shi shi ne na daina gaisawa da bawan Allah da bai yi mini komai ba, kuma mako biyu suka tafi ina jiran ƙulli ya kwance. Rubutun ma da zuma aka ce in riƙa haɗawa. Mai ciwon sukari yana shan zuma safe da yamma, bai sani ba.

A mako na shida na gaji da jira. Na sayi ƙwayoyin nan da ake yawo da su a faranti a tasha, masu hoton doki a kwali. Na farko bai yi komai ba. Na sha biyu a haɗe. Fuskata ta yi zafi, zuciyata ta riƙa bugu kamar ana daka, idona yana ganin abu biyu-biyu. Abin da nake nema bai samu ba. Da safe na hau mota na tafi Bune, don Layya ta matso, raguna ba sa jira.

Kwana goma kafin babbar Sallah ina kasuwar Kelle, rana tsaka, a rumfar mai shayi kamar kullum. Bukar ya dawo daga cikin dabbobi ya durƙusa yana gaya mini farashin wasu raguna takwas. Kofin shayi ya zame daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa. Na buɗe baki in ce masa ya taya, sai na ji wani sauti ya fito wanda ba magana ba. Na ga fuskar Bukar ta canza. Daga baya ya ce mini bakina ya karkace har miyau yana zuba a kan rigata.

Wasu suka ce iska ce, a kawo tafarnuwa, a yi tofi. Bukar ya ce babu wanda zai taɓa ni. Ya bar ragunan, ya tare wata mota mai buɗaɗɗen baya da ta kawo gero, ya biya direban ya juya. A kan buhunan wofi na kwanta, kaina a cinyarsa, rairayi yana riƙe tayoyi. Ina jin komai, ba na iya cewa komai.

A asibitin Gure majon nan ne a bakin aiki. Ya ɗaura mini abin awo, ya hura, ya duba, ya sake hurawa. Ya ce tansiyo ashirin da biyu. Aka soki yatsa, ya kalli abin da ya fito ya girgiza kai. Ya tambaya ko na taɓa kukan wani abu a kwanakin nan. Hajiya ta iso a lokacin, mayafinta a karkace. Ta ce ita ba ta sani ba, ba na gaya mata.

Sai Bukar ya matso. Ya ce, "Majo, ka tuna ni? Na zo maka wata guda da ya wuce."

"Na tuna. Yaya jikin?"

"Ciwon da na kawo maka ran nan, ba nawa ba ne. Nasa ne."

Majo ya tsaya da abin awon a hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni a kan gado ya ce, "Alhaji, da dantsen nan ka kawo mini ran nan, da a tsaye za ka koma gida da ƙwaya biyu." Sannan ya juya ya fara rubuta takardar tura ni Damagaram.

Hajiya tana tsaye ta ji duka. Abin da na ɓoye mata mako takwas, a gaban mutane biyar ta ji shi.

Mu muka zuba wa ambilas mai. A babban asibitin Damagaram na yi kwana ashirin da uku. Zan faɗi alheri, zan faɗi wahala. An karɓe ni da sauri, an sa mini ruwa da allurai, kuma akwai wata ma'aikaciya da ke juya ni da kanta don kada bayana ya yi gyambo, Allah ya saka mata. Amma hoton kai sai da muka jira kwana uku. Kowace safiya sabuwar takardar magani, kowace takarda sai an fita waje an sayo. Hajiya a kan tabarma take kwana a gindin bishiya tare da sauran masu jinya, ta yi layin ruwa, ta yi layin makewayi, ta wanke ni kamar jariri. Ni da ban yarda mace ta ga na gaza a abu ɗaya ba, ita take ɗaga ni ta sa mini fo.

Sallah a nan ta same mu. Ragunan da na tara, Bukar ya sayar da su yadda ya samu, don babu mai lodi, babu mai bin mota. Abin da ya shigo, asibiti ya cinye fiye da rabi. Shekara talatin ina sayar wa mutane ragon Layya, a bana wani mai jinya daga gadon kusa ne ya miƙo mana tsoka uku a leda. Ni ma ba a bar ni na ci ba.

Magana ta fara dawo mini a mako na biyu, kalma-kalma. Lokotoron, wato likitan da ke duba ni, mutum ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya ce abin da ya same ni su suna ce masa a-be-se, jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Majo ya rubuta masa labarin Bukar a takarda, don haka ya sani. Ya ja kujera ya zauna.

Ya ce, "Alhaji, jijiyoyin jinin da ke gaban namiji suna cikin mafi sirara a jiki. In sukari da hawan jini suka fara cin jijiyoyi, sau da yawa can ne ake fara gani. Jikinka ya yi maka sallama ta ƙofar da ba za ka iya ƙin ji ba. Ka ji, sai ka aika wani ya amsa."

Na tambaye shi da karkataccen bakina ko duk wanda abin ya samu haka ne. Ya ce a'a. Wani tunani ne, wani gajiya, wani maganin da yake sha ne, kuma sau ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma in ya wuce mako biyu zuwa uku, a zo. In ya haɗu da ƙishirwa, yawan fitsari, ciwon kai, nauyin ƙirji ko mutuwar ƙafa, kada a jira ko kwana biyu. Ya ce babu mai iya rarrabewa daga nesa, sai an auna mai ciwon. Ƙwayoyin tasha kuwa, ya ce bai san abin da ke cikinsu ba, mai sayarwa ma bai sani ba.

Yaya Lawali ya zo dubiya da gorar rubutu a ƙarƙashin riga. Ya raɗa mini cewa wanda ya ɗaure ni ne ya ƙara jifa. Ba ni da bakin gardama. Hajiya ce ta karɓi gorar, ta buɗe ta shinshina, ta ce, "Yaya, in da zuma a ciki ba zai sha ba. Addu'a muna so, ka yi masa a nan." Ran nan na fara jin ta mayar wa yayana magana.

Wata rana da hantsi tana ba ni kunu marar sukari da cokali, na ce mata ta yafe mini. Ta ci gaba da juya kunun.

Ta ce, "Na ga kiyashi yana taruwa a inda kake fitsari tun kafin azumi. Na san ba daidai ba ne."

"Ba ki faɗa ba."

"Ta wace ƙofa, Alhaji? Kai da kake shigowa sai ka tabbata na yi barci." Ta goge mini baki da gefen zane. "Ni na ɗauka tsufa na yi maka. Har turare na sayo, har lalle na sa. Bukar ka iya gaya wa, ni da muka yi shekara ashirin da bakwai ba ka iya ba."

Ta miƙo cokali, na buɗe baki.

Bayan mun dawo Gure na ji wani abin da ya ƙara mini nauyi. Ranar da Bukar ya zauna a benci a madadina, wata mata ta ji abin da ya kawo shi. Labari ya zaga, har ya isa gidansa, har samari a kasuwa suna yi masa waƙa in ya wuce. Wata guda yana ɗauke da wannan, bai gaya mini ba, bai kuma ce wa kowa ba nasa ba ne. Kunyar da na guje wa ba ta ɓace ba, wani na ɗora wa. Na kira shi na ba shi haƙuri a gaban mutanen rumfa, na faɗi gaskiyar da bakina. Ya ce, "Alhaji, ka bari. Ni dai da na sani, da na ce wa majo ina yawan fitsari."

Yanzu ga inda nake. Ƙafar dama tana ja, ina tafiya da sanda. Hannun dama bai dawo ba, yana rataye kamar ba nawa ba. Magana ta dawo, sai in na gaji take sarƙewa. Ina shan ƙwayoyi huɗu kullum, na rabu da shayi mai sukari da kitsen rago. Abin da ya fara kai ni neman magani bai dawo yadda yake ba. Lokotoro ya ce a bi a hankali, wataƙila, kuma yanzu da Hajiya muke shiga wurinsa, ita take tuna abin da na manta. Kamiyo uku sun koma rabin kamiyo, ina haɗa lodi da mutumin nan da na zarga da ɗaure ni. Na je gidansa na roƙe shi gafara, bai ma san na yi fushi da shi ba.

Duk farkon wata ina zuwa asibitin Gure. Ina zama a kan bencin nan, tsakanin matan unguwarmu da ƴaƴansu, da karne mai sunana a hannu. Babu wanda ya taɓa tambayata abin da ya kawo ni. Kowa da nasa ya zo.

A watan jiya wani ɗan kasuwa da na sani, wanda bai kai shekara arba'in da biyar ba, ya same ni a rumfa. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce wani abokinsa ne abu kaza ya samu, ko na san magani. Na ce masa gobe da safe ya zo mu tafi tare, ya sa riga mai faɗin hannu don a ji daɗin ɗaura abin awo. Ya ce ai ba shi ba ne. Na sa hannun hagu na ɗaga na dama, na ajiye masa a kan gwiwa don ya ji nauyinsa. Na ce to, ya gaya wa abokin. Washegari na jira shi har rana ta ɗaga. Bai zo ba.

Har yanzu ina zuwa kasuwar Kelle, ina zama a rumfar mai shayi, Bukar yana shiga cikin dabbobi. A da, in ciniki ya faɗa, sai in taso in kama hannun makiyayi a ce Allah ya sa albarka, a nan ne yake gane ko wane ne mai sayen. Yanzu ba na tasowa. Ba a ƙulla ciniki da hagu, don haka Bukar ne yake miƙa hannu a madadina.